Gida Na Saya, Ba Kujera Ba

Shekarata huɗu ina tsaron shagon wani Alhaji a Kantin Kwari. Shadda da atamfa muke sayarwa, kuma mukullin shagon a aljihuna yake kwana. Idan ban buɗe ƙarfe takwas ba, to ba a buɗe ba ke nan. Alhaji mutum ne mai haƙuri a kan komai, banda wannan. Tun ranar da ya miƙo mini mukullin ya ce, yana murmushi, "Musaddiƙ, duk watan da na zo na tarar da kwaɗo a ƙofa sau uku, mukullin nan ya canza aljihu." Ni ma na yi murmushi. A gabana aka zare shi daga aljihun wanda na gada, don haka na san ba wasa yake ba.

Kwana kuwa a Fagge nake yi, ɗaki ɗaya mu biyar. Ɗaya yana minshari, ɗaya yana ciniki cikin barci har da yi wa mutane ragi, ɗaya kuma ya wanke safarsa ya rataya a fanka. Matata Batulu da 'yarmu Sadiyya suna Babura wurin Innata. Asabar da yamma nake zuwa, Lahadi da yamma in juyo. Yarinya tana wata tara, amma in na shigo sai ta ƙura mini ido kamar mai yanke wuta ne ya zo. In na miƙa hannu ta cusa fuska a zanin uwarta.

Wata Lahadi Inna ta ga hakan. Bayan sati uku ta kira ni ɗakinta. Ashe ta sayar da bijimanta biyu da gonar da ta gada wurin mahaifinta.

"Karɓi," ta ce. "Ka nemi inda za ka ajiye iyalinka, ka riƙa kwana a gida kamar mutane. Aure ba ziyara ba ne."

"Inna, ai ni baƙon arziki ne, da tsaraba nake zuwa."

"Bakinka ne ba ya gajiya. Jikinka ya gaji, ina gani."

Na durƙusa na karɓi kuɗin da hannu biyu.

A cikin Kano kuɗin ko zaure ba za su saya ba. Dillalai biyu na tambaya, ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya ce ko haya nake nufi. Babura kuma ta yi nisa da mai buɗe shago ƙarfe takwas. Abin da ya rage shi ne wajen Kazaure, inda mota za ta kwashe ka da asuba ta sauke ka Ƙofar Ruwa kafin rana ta yi zafi. A nan aka haɗa ni da wani dillali mai jan babur, ana ce masa Maikasuwa. Shi a wurinsa duk gidan duniya minti biyar ne zuwa titi.

Gida uku ya nuna mini. Na farko cikin Kazaure, bayan tasha, ciki da falo, tsakar gidan in ka shimfiɗa tabarma ɗaya ta cika, ga kwata a bakin ƙofa tana gaishe ka. Na biyu can wajen Gwiwa, ƙaton gida har da bishiyar kuka a ciki, ga arha kamar mai shi yana gudun wani abu. Na uku a wata sabuwar unguwa da ake ce wa Gidan Ƙirya, idan ka ɗauki hanyar Roni ka saki kwalta ka bi burji. Ɗaki uku, katanga zagaye, rijiya a tsakar gida, da darbejiya mai inuwa.

"Minti biyar zuwa titi," in ji Maikasuwa.

"A jirgin sama ko?"

"Kai dai ka cika surutu. Mota na nan kullum."

To ni ɗan Kwari ne, ba a sayar mini da yadi a ninke. Sai na warware na duba tsakiya. Na nemi izinin Alhaji na ce masa zan gwada hanyoyin nan, kada ya sa mini su a lissafin ukun. Kowane wuri sai na je na kwana, in tashi da asuba in hau abin da mutanen wurin suke hawa, in duba agogo.

Kazaure ba matsala. Na zauna minti ashirin mota ta cika, takwas saura kwata ina bakin shago. Gwiwa kuwa Allah ya isa tsakanina da ita. Muka zauna a tasha muna jiran mutum biyu har na haddace lambar motar gaba da baya. Da suka zo, ɗaya da akuya ya zo, kuma a cinyata ta yi tafiyar. Ƙarfe goma da kwata na isa, Alhaji ya dube ni ya ce, "Wannan gidan dai ba shi ba ne."

Sai Gidan Ƙirya, ranar wata Laraba. Na kwana a zauren mai unguwa. Ana sallame sallar asuba na fito, sai ga wata mota Golf a gindin bishiyar ƙirya, injin yana aiki. Wata dattijuwa ita kaɗai a gaba, maza uku a baya, gurbi ɗaya a gefen taga kamar ni yake jira. Direban ya dube ni.

"Kano?"

"Kano."

"Shiga."

Ko ƙofa ban gama rufewa ba muka tashi. Ba ɗan kamasho, ba tsayawa ɗaukar kowa a hanya, ba mai cewa a jira shi ya manta buhunsa. Bakwai da kwata muna Ƙofar Ruwa. Har shayi na zauna na sha, da ƙwai, kamar mai shagon.

Amma ban yarda ba tukuna. Na san dabarar 'yan tasha ta zaunar da mutanen ƙarya a mota don ka ga kamar ta kusa cika, kana shiga su sulale ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan kuwa duk Kano suka sauka. Na bincika ko ranar kasuwar wani gari ce a kusa, aka ce a'a. Na sake komawa na kwana, Alhamis na fito, mota na nan, gurbina na nan. A hanya na matsa kusa da direban, sunansa Daudu.

"Malam Daudu, kullum haka kake tashi?"

"Kullum. Banda Lahadi."

"Ba ka zama jiran ta cika?"

"Ni ban taɓa jira ba."

Wallahi mutumin nan bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na tambaya shi ya amsa.

Batulu Kazaure take so. Ta ce akwai asibiti kusa, akwai mutane, in yarinya ta yi zazzaɓi ba sai ta nemi mai babur ba.

"Ke kin ga tsakar gidan kuwa? In kika yi shanya, ni sai dai in tsaya a waje in yi sallama."

"Gara ƙaramin gida da kake ciki."

"Ai shi ya sa na ce Gidan Ƙirya. Motar can ta fi ta Kazaure sauri da rabin awa. Na gwada da jikina, sau biyu. Ke mijinki injiniya ne, ba ki sani ba."

"Injiniyan atamfa," ta ce. Amma da na kai ta ta leƙa rijiyar, ta tsaya a inuwar darbejiyar, na ga fuskarta ta saki. Aka kira mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda, aka raba goro. Na je Fagge na kwashe katifata, na yi wa mai minshari addu'ar samun lafiya, na yi wa mai safa nasiha. Ranar Lahadi muka tare.

Litinin da asuba na fito da kaftanina a goge, ina tafe ina taku kamar mai unguwa. Mota na gindin ƙirya. Dattijuwar na gaba. A baya kuwa mutum huɗu. A gefen taga, a gurbina, wani tsoho ne zaune da baƙin tabarau, ya rungume wata ƙaramar akwatin katako.

Na yi sallama na ce, "Malam Daudu, ga ni."

"Sannu. A cike take."

"Ai ni ne na makon can. Na sayi gidan darbejiyar nan."

"Na ji labari. Allah ya sanya alheri. A cike take."

Na yi dariya don na zaci wasa ne. Ba wanda ya taya ni. Tsohon ya ɗan sauke tabarau ya leƙo ni.

"Kai ne ka riƙe mini wurina da na je aikin ido? Allah ya yi maka albarka, yaro."

"Baba, wurinka?"

"Shekara goma sha tara."

Daudu ya sa giya. Kafin ya ja ya ce mini, a hankali kamar mai yi wa yaro bayani, motar nan kowace kujera da mai ita. Mutanen nan biyar su ne fasinjojinsa, jiya su ne, gobe su ne. Wanda bai je ba ma kujerarsa tana nan da sunansa. Shi ya sa ba ya jira.

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni ko ina tashi. Ba ka tambaye ni ko da kai zan tashi ba."

Suka tafi suka bar ni da ƙura a kaftani.

Mota ta biyu a Gidan Ƙirya sai ta cika take tashi, kuma ba ta cika kafin tara. Masu babur uku ne a unguwar, ga damina ta sauka, duk ukun gona suke fara zuwa. Ranar sai da na bi ɗaya har gonarsa, na tsaya a kansa ina roƙo yana noma, ya ƙarasa layinsa sannan ya kai ni Kazaure. Tara da rabi na isa Kwari. Alhaji na zaune a bencin maƙwabci.

"Ɗaya," ya ce.

Washegari na yi wa mai babur magana tun da yamma, ya zo a kan lokaci, na buɗe takwas daidai. Sai dai abin da ya karɓa zuwa Kazaure ya kusa kuɗin motar Kano. Laraba ma haka. Alhamis aka kwana ana ruwa, burjin ya zama kunu, ya ce shi ba zai kashe babur ɗinsa a kan atamfar wani ba. Na taka da ƙafa har kwalta, takalmi a hannu.

"Biyu," in ji Alhaji. Har ruwa ya sa aka kawo mini.

Kada ka ce in sayi babur. Da me, da darbejiyar? Na kira Maikasuwa na ce ko za a sayar a koma na Kazaure. Ya ce na Kazaure an saye shi, nawa kuma yanzu kasuwa ta faɗi, don mutane suna cewa wurin ba mota.

Ranar Juma'a da yamma na sayi goro na tafi gaishe da tsohon mai tabarau. Sunansa Malam Muhammadu Lawal. Na tarar da shi a ƙofar gida, akwatin katakon a buɗe, cike da ƙananan sukurdireba da cikin agogo. Muka gaisa, na tambayi ido, na tambayi iyali, na tambayi damina. Sannan na fara zagaye.

"Baba, ai hanyar nan da wahala ga manya. Kullum Kano, kullum Kano."

"Da wahala."

"Ai ya kamata a ce yanzu an huta, yara suna kawowa."

"So kake ka ji yaushe zan yi ritaya."

"A'a Baba, ni wa..."

"Gyaran agogo nake yi a Sabon Gari. Ba gwamnati ce ta ɗauke ni ba balle ta sallame ni. Da dai idon ya ƙi, har na fara tunanin ajiyewa. To ga shi an wanke mini shi, yanzu ina ganin abin da ban gani ba shekara goma. Yanzu na fara aiki."

"Masha Allahu," na ce, kuma Allah ya sani ban ji daɗin faɗarta ba.

"Wurin nan na yayana ne tun motar tana hannun uban Daudu. Da ya rasu na zauna. In na tashi, akwai mutum uku da ke jira, kowa ya san na farko, kowa ya san na ƙarshe. Kai ne na huɗu, in ka ce kana so."

"Ina ake rubuta suna?"

"Ba a rubutawa. Ka dai riƙa fitowa ana ganinka." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Kai da ka zo sayen gida, wa ka tambaya a cikinmu? Kwana biyu kana zaune kusa da mutane, ba ka ce musu komai ba sai ƙarfe nawa."

Na karɓi goron na jefa a baki.

Saura ɗaya mukulli ya bar aljihuna, wata kuma da sauran kwana goma sha biyu. Lahadi da yamma na naɗe katifata. Batulu na zaune a bakin rijiya tana wanke wa Sadiyya kaya, ba ta ɗago ba.

"Na ɗan lokaci ne," na ce.

"To."

"Kin ga dai iska a nan, ba kamar Kazaure ba."

"A Babura in ka tafi akwai Inna. Nan in ka tafi akwai iska."

Na saɓa katifa a kafaɗa na fita.

A Fagge kuwa an riga an sa wani a wurina. Suka matsa mini bakin ƙofa, muka zama shida. Mai safa ya ce, "Maigida, ya gidan?" Na ce masa lafiya lau, yana gaishe shi.

Sati biyu haka. Asabar in je, Lahadi in dawo, kamar da, sai dai yanzu ina da takardar gida a ƙarƙashin katifa.

Asabar ta uku na shiga gida na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli. Batulu ta ajiye mini kwano, ta zauna.

"Ka san Hajiya Ma'u?"

"Wace ce?"

"Ka yi kwana biyu kana kallon ƙeyarta. Mai zama gaban mota."

Ashe dattijuwar man gyaɗa da ƙuli take kaiwa Kano. Kujerar gaba ta mutum biyu ce, ita ta riƙe duka biyun don ba ta son a matse ta da maza. Batulu da zaman kaɗaici ya ishe ta, ta goya yarinya ta shiga gidan da take jin ana daka, ta tarar ana matsar tunkuza, ta sa hannu. Tun ranar kullum tana can.

"Ranar Talata ba ta zuwa Kano, suya take yi. Kujerar tana tafiya da ɗan ƙanwarta shi kaɗai. Na ce mata akwai rabi."

"Ta ce me?"

"Ta ce kai ne mai surutun nan? Na ce kai ne. Ta ce to ka je ka gaishe ta."

Na je da safe. Hajiya Ma'u na zaune a kan turmi, ta kalle ni sama da ƙasa kamar yadin da take shakkar ko zai zuba.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya. Kai ne ka sayi gida saboda kujerar Malam Lawal."

"Ni ne, ranki ya daɗe. A unguwarmu ma ana nuna ni."

"Talata kawai. Ba don kai ba, don yarinyar nan, hannunta da albarka. Kuma akwai jarkar mai da nake aikawa Kasuwar Rimi, ba a sa ta a but ɗin mota, tana tsiyaya in ta kwanta. A cinya ake riƙe ta. Ɗan ƙanwata ya ce ya gaji."

"Hajiya, ni da na riƙe akuya daga Gwiwa."

"Akuya ba ta ɓata kaya kamar mai. Ka sa tsohuwar riga."

Lissafin sai ya zama haka. Asabar in zo in kwana. Lahadi da yamma in koma Kano, don Litinin ba ni da kujera. Litinin da yamma in sake dawowa in kwana, Talata da asuba in bi Daudu. Daga nan sai wata Asabar. Kwana ɗaya ya zama biyu. Na faɗa wa Batulu cewa an ninka mata miji, ta ce ta gode, in je in ɗebo ruwa.

Talatar farko na fito tun kafin a tada sallah. Ana sallamewa na zagaya gaba, ɗan ƙanwar Hajiya ya matsa jikin giya, na ɗosana rabin jikina a kujera rabi a ƙofa, aka ɗora mini jarka lita ashirin da biyar. Da ɗumi ma take. Wannan karon na juya na gaishe da kowa da sunansa, har na tambayi masu gida.

"Ka ga yanzu ka fara hankali," in ji Malam Muhammadu Lawal daga baya. "Wannan na kusa da ni, an ce za a mayar da shi ofishinsu na Dutse bayan sallah. In ya tashi, na farkon masu jira ya gaji wurinsa, ka zama na uku."

"Ba a tabbatar ba," in ji mutumin, da ɗan fushi.

"Allah ya tabbatar da alheri," na ce.

"Alherin wa?"

"Na kowa, yallaɓai."

Daudu ya yi dariya ta hanci ya hau burji. Kowane rami sai jarkar ta yi tsalle ta dawo cinyata, man yana tsattsafowa ta murfi yana bin yatsuna. Na so in ce wani abu a kan haka, na ma shirya maganar. Sai dai jiya ƙarfe tara na iso gida, yarinya ta yi ta kuka da haƙori, ga ɗumin jarkar a ƙirjina. Na kwantar da goshi a kan murfin na ce bari in ɗan rufe ido kafin kwalta.

"Ku riƙe masa jarkar nan," na ji tsohon yana cewa, can nesa. "Kada ya zubar wa Hajiya da mai kafin Dambatta."